Tsohuwar akori-kura mai gazwal (dizal): yadda za ka saye ta, ka riƙe ta, ba ta kwana da kai a daji ba

Duk wanda ya taɓa zuwa cinikin tsohuwar Hilux ko Land Cruiser a Garwa, Marwa ko Njamena ya ji wannan magana daga bakin dillali: "Alhaji, wannan injin ba ya mutuwa." Maganar tana da tushe. A 1987 da irin waɗannan motoci sojojin Chadi suka fatattaki dakarun Libiya masu tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Yau ma in ka tsaya bakin gadar Binuwai a Garwa da sassafe za ka ga motocin da suka girmi direbobinsu suna wucewa, an danƙare su da buhunan masara da gyaɗa.

Amma a ganina wannan yabon ya kashe injuna fiye da tsufa. Mutum ya sa a ransa cewa injinsa ba ya mutuwa, sai ya daina leƙa ruwa, ya zuba duk man da ya samu, ya bar filtar iska shekara guda. Abin da ke kwantar da tsohon injin gazwal a yankinmu zafi ne, da ƙura, da gurɓataccen mai, kuma daga Ngaundare har Abeshe ba abin da muke da shi a yalwace kamar su. Maganinsu yana hannun mai mota. Bakanike sai ɓarna ta auku ake kiransa.

Fara da sanin injin, kafin fenti ya ruɗe ka

A tsofaffin Hilux za ka tarar da 2L mai lita 2.4, ko 3L mai lita 2.8, ko 5L mai lita 3.0. 'Yan gida ɗaya ne, silinda huɗu, ba su da gudu, ba su da fitina, kuma kayansu na nan a kowace kasuwar kayan mota. Rauninsu ɗaya ne: kulas, wato kan injin, ba ya jure zafi. In ya tafasa sosai sau ɗaya, tsagewa na iya biyo baya, musamman 2L mai turbo.

Land Cruiser 75 da 79 mai buɗaɗɗen baya galibi 1HZ ke cikinta, silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. In aikinka hanyar daji ce da kaya masu nauyi, ban san abin da ya fi shi ba, sai dai yana shan mai kuma kuɗin sayensa ba wasa ba ne. Nissan mai TD27 ita ma abar dogaro ce, kuma ba ta da bel ɗin taimin, wato bel mai daidaita motsin bawul da fistin, haƙoran ƙarfe ne ke juya komai. Mitsubishi L200 mai 4D56 tana aiki, amma bel biyu gare ta a ciki, kuma ƙaramin da ake mantawa da shi in ya tsinke yakan shiga cikin babban ya jawo asara.

Hilux da ta fito daga 2005 mai rubutun D-4D wata aba ce daban. Kwamfuta ke sarrafa manta, kuma matsin da take fesa gazwal da shi ya ninka na tsohuwar kusan sau goma. Ta fi ƙarfi, ta fi tattalin mai, amma ɗigon ruwa kaɗan a gazwal ya isa ya lalata nozul, wato bakunan fesa mai, masu tsada. Wanda zirga-zirgarsa ta ƙauyuka ce, inda man jarka kaɗai ake samu, ya tsaya kan tsohon tsari.

Ranar duba mota

Ka ce wa mai ita kada a tayar da ita kafin ka zo, kuma ka je da sanyin safiya. Da isarka ɗora hannu kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama shi don ɓoye wahalar tashi. Ka ɗaga cinikin zuwa gobe.

Kafin a murɗa makulli, buɗe murfin lagireto. Ruwa mai launin kore ko ja alama ce ta mai kula. Ruwa mai tsatsa kamar na kududdufi yana nufin shekaru ana zuba ruwan rijiya. In ka ga maiƙo yana yawo a sama, ko ka zaro gejin baƙin mai ka ga ya koma fari-fari, ruwa da mai sun haɗu, kuma aikin kulas na jiranka.

Sai a kunna, a jira hita, wato abin ɗumama silinda, ta gama, a tayar. Lafiyayyen inji yana kamawa nan take. Bar murfin lagireto a buɗe tun injin na da sanyi, ka zuba ido: in kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Sannan ka zagaya bayan mota ka kalli salansa. Farin hayaƙi kaɗan na ɗan lokaci da safe ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ko dai ruwa ne ke shiga, ko nozul da taimin ba daidai suke ba. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi kuwa gazwal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa shi ne mafi arhar gyara.

Bayan ya yi ɗumi, yana silo ba a taka totur ba, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana 'yar rawa, ba laifi. In iska na tunkuɗe shi tana huci da hayaƙi, ringi sun gaji, ka rage kuɗin buɗe inji daga farashi.

Shiga ƙarƙashi da tocila. Duba shasi a daidai inda gidan direba ya haɗu da bodi, da wajen maƙalan sifirin. Nan lodi ke karya mota, nan kuma ake ɓoye walda da sabon baƙin fenti. Sannan ka tuƙa ta da kaya, a hawa, da rana tsaka, ka sa giyar ƙafa huɗu ka ji ta shiga ta fita. Zagayen unguwa ba gwaji ba ne.

Takardu kuma: lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta zo daidai da ta kat giris, wato takardar mallakar mota, harafi da harafi, a nuna maka takardar duwan (kwastan), bizit (shaidar duba lafiyar mota) da inshora. Mai ƙetare gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena ya tabbata yana da katin inshorar ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Motar da lambarta ta nuna alamar an goge an sake bugawa, ka bar ta ko da kyauta ce.

Makon farko

Kada ka yarda da kilomitar da ke kan allo, kada kuma ka yarda da "ai kwanan nan aka canza". Canza bel ɗin taimin nan da nan. Ƙa'idarsa a yawancin waɗannan injuna kilomita 100,000 ce, kuma a zafin ƙasarmu roba na bushewa ko mota na ajiye, don haka kada ya wuce shekara biyar. Fitilar T-BELT da ke allo kilomita kawai take ƙirgawa, ba ta ganin halin da bel ke ciki, kuma kowa na iya kashe ta. In bel ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul. A canza shi tare da abin ɗaure shi da 'yan tayoyin da yake bi, a duba sil-sil na gaba kada mai ya riƙa ɗiga masa, a duba famfon ruwa tunda an riga an buɗe wajen.

A yi juyen baƙin mai, a canza filtar mai, ta gazwal da ta iska, da man giya da na aksul. Daga nan juye duk kilomita 5,000 da 15W-40 na injin gazwal, a galan rufaffe daga wurin da ka amince da shi. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota, kana rubuta kwanan wata da kilomita.

Zafi

Nan zan daɗe, don nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Kusiri, kuma tsarin sanyaya inji da ya rage rabin ƙarfinsa zai iya ɓoye aibinsa duk hunturu, sai bazara ta tona shi.

Kowace safiya, inji na da sanyi, buɗe murfin lagireto kansa ka ga ruwa da idonka. Kallon robar ajiya kaɗai ba ya isa, tana iya cika alhali lagireto ya yi ƙasa. Kada kuma ka dogara da allurar zafi ɗari bisa ɗari. A Toyota da yawa tana zama a tsakiya ba ta motsi sai zafin ya yi nisa, kuma in tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya tana iya ƙin tashi, domin babu ruwan da za ta auna. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya sa ƙarin geji mai nuna lamba, ko mai ƙara in ruwa ya ragu. 

Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri-gishiri da ke daskarewa cikin ƙananan bututun lagireto, su toshe su ɗaya bayan ɗaya, su kuma ci ƙarfe. A yi amfani da ruwan lagireto na galan. In ana sirkawa, a sirka da tataccen ruwa irin na batir ko ruwan sama mai tsabta. In larura ta sa ka zuba na rijiya a hanya, ka juye shi in ka isa gida.

Yanzu maganar tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Da wuya ka shiga gareji a yankin nan ba ka ji an ce, "Maigida, wannan na ƙasar Turawa ne mai sanyi, mu cire shi." Kada ka yarda. Aikinsa ba riƙe zafi kaɗai ba ne. A yawancin injunan nan, in ya buɗe a wajen digiri 80, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. In an cire shi, wannan hanya na nan a buɗe kullum, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye bai taɓa sanyaya ba. Da safe kuma inji ya daɗe bai kai ɗuminsa ba, ya yi ta cin kansa yana shan mai. In mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, fanka ta mutu, murfi ya saki, ko famfon ruwa ya cinye. Cire tamostat ɓoye ciwon ne. In ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, a gani ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Fanka ita ce mai yaudara, don tana juyawa ko ta mutu. Tsakiyarta akwai wani mai kauri da ke sa ta kama in zafi ya taso. Bayan doguwar tafiya, kashe inji ka tura ta da hannu. In ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, ta daina aiki, kuma alamarta ita ce mota na lafiya a kan kwalta amma tana zafi a hawa ko cikin yashi. Ana iya ƙara mata man ko a sake wata. Murfin lagireto shi ma ka sake shi in robarsa ta tsage, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Lokacin kakar auduga da bayan damina, duba gaban lagireto: furen ciyawa, ƙwari da zaren auduga kan like shi. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, kada a lanƙwasa haƙoransa.

Tuƙi ma na da nasa. Mai tasowa daga Garwa zuwa Ngaundare zai hau daga ƙasa mai kwari zuwa tudun da ya kai kusan mita 1,100, kuma a wannan hawan dutse da ake kira falez ne motoci ke jeruwa da buɗaɗɗen bonet. Kada ka danne totur a babbar giya inji na nishi yana zubar da baƙin hayaƙi. Wannan hayaƙin wuta ce a kan fistin. Sauko giya, bar inji ya sake, fanka da famfo su juya da sauri. A gangara kuma giyar da ka hau da ita ka sauka da ita, ka hutar da birki.

In allura ta tashi, ka sauka gefe. Matuƙar ruwa bai zube ba, bar inji a silo ya huce da kansa. In kuwa ka ga tururi ko ruwa na tsiyaya, kashe shi nan take. Kada ka buɗe murfi yana da zafi, mutane sun ƙone fuska ta haka. Kada kuma ka kwara masa ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi su ke tsaga kulas. Jira ya huce sosai, ka nemo inda ya yoyo, sannan ka ƙara ruwa a hankali inji na juyawa.

Akwai masu zuwa wajen mai gyaran famfon gazwal su ce a ƙara musu mai don mota ta yi ƙarfi, da masu ɗora turbo kan 1HZ. Ƙarfin yakan zo, amma fistin ɗinsa ba a ƙera shi don wannan zafin ba. In abincinka na cikin motar, bar ta yadda ta fito.

Gazwal

Famfon man waɗannan injuna gazwal ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne man shafawarsa. Ruwa yana sa shi tsatsa, kananzir da fetur da ake sirkawa suna busar da shi, ƙasa kuma tana goge shi. Inda akwai gidan mai na gaskiya, sha a can. Amma kowa ya san akwai hanyoyin da sai zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri na bakin hanya, da man jarka, don haka ga abin yi. Zuba kaɗan a kwalba mai haske, ka ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi gazwal nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi a fili. Shinshina ko akwai warin fetur ko kananzir, ka murza tsakanin yatsu ka ji ko da santsi. In kana saye da duro, bar shi ya kwana bai motsa ba, ka zuƙa daga sama, ka bar na gindin don wanke kayan aiki. Tace da kyalle mai tsabta mara zare a bakin mazurari.

Ƙarƙashin filtar gazwal akwai 'yar makunna ta zubar da ruwa. Sassauta ta kowane mako, kana danna famfon hannu da ke saman filtar, har sai tsantsar gazwal ya fito. In fitilarta ta kama a hanya, tsaya a lokacin. Ƙarin filta mai kwalbar gilashi kafin ta asali na daga cikin kuɗin da ba za ka yi nadamar kashewa ba. Kuma kada ka bari tanki ya kai gindi.

In mai ya ƙare ko ka canza filta, iska ta shiga layi. Danna famfon hannu har ya yi tauri, ka gwada tayarwa. In ta ƙi, sassauta notin bututun nozul biyu, a ba da kik kaɗan-kaɗan har mai ya fara fita ba kumfa, a ɗaure. Kada hannu ya kusanci wurin lokacin da ake ba da kik, man na iya huda fata. Kada kuma a niƙa kik ba hutu har ya ƙone.

Ƙura da ruwan mayo

A hunturu, hanyar da ba kwalta tana cika filtar iska cikin 'yan kwanaki. Zazzage kofin ƙurar da ke ƙasan gidan filta a kai a kai. Filtar kanta kada a buga ta a jikin taya, kada a hura ta da iska mai ƙarfi; ƙaramin rami ɗaya ya isa. Ga gwajin da na fi yarda da shi: cire filta, ka shafa farin kyalle cikin bututun da ke tafiya zuwa inji. In ya fito da jan gari, ƙura na wucewa, ko ta filta mara kyau, ko ta tsagewar tiyo, kuma tana can tana cin ringi da silinda.

Da damina kuma mayo, wato rafi, kan kawo ruwa ba sallama. In ba ka ga wata mota ta ƙetare ba, jira. Injin gazwal in ya zuƙi ruwa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. In ta mutu a cikin ruwa, kada a taɓa kik. A jawo ta waje, a cire filtar iska da dukkan hita, a juya inji ruwan ya fita ta ramukan, a sake baƙin mai. Ko ta ƙetare lafiya, duba man aksul. In ya yi fari, juye shi.

In ya kai ga buɗe inji

Kada a buɗe sai an auna matsin kowace silinda an kuma gwada nozul a kan injin gwaji kana tsaye. Sau da yawa abin da aka ce inji ya gaji, nozul ne, ko bawul da ke son a daidaita, ko hita biyu da suka mutu. Famfo kuwa sai wajen mai gyaran famfo da ke da teburin gwaji da ɗaki mai tsabta, ba a kan tabarma a filin gareji ba.

In kulas ne, a kai shi a gwada ko ya tsage, a auna ko ya karkace, kafin a sayi gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kulas da jikin inji. Gasket ɗin waɗannan injuna kauri-kauri ne, ana zaɓa gwargwadon yadda fistin ya leƙo sama da bulok, don haka bakaniken da bai auna ba ya ce a sayo kowanne, ka yi masa tambaya. Tambaye shi kuma ko yana da sifana mai awo. Ƙusoshin kulas ana ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa waje, da awon da littafin injin ya faɗa, ba da bututu da ƙarfin yaran gareji ba. A gasket, bel, ringi da metal (beyarin cikin inji), sayi na asali ko da za ka jinkirta aikin wata guda, ka kuma karɓi tsofaffin da aka cire.

Kafin a tayar da sabon aiki, a gyara abin da ya jawo ɓarnar tun farko; sabon kulas a kan toshasshen lagireto ba zai ga ƙarshen bazara ba. Kilomita 1,000 na farko a tafi da rabin kaya, ba dogon silo, ba danne totur, sannan a yi juye a sake filta.

A bayan kujera kuma kada a rasa fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa da maɗaurinsu, filtar gazwal guda, lita biyu na baƙin mai, sifanar da ta dace da notin nozul, igiyar ja, da jarkar ruwa mai lita 20 wadda ba ta sha ba ce.